A Bar Ɗan Maraya Ya Kai Ƙarshen Maganarsa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ba sai na ja ka da nisa ba, ka san abin da aka yi a shirinku na rediyo na tuna baya ranar Asabar da daddare, in ma ba ka saurara ba na tabbata wani ya kawo maka labari. Minti 2 bai cika ba. Da agogon hannuna na duba, don tun makon da ya wuce na ƙudurta sai na ƙirga. Yaron nan naku mai gabatar da shirin ya sa waƙar Karen Mota ta Ɗan Maraya Jos, kuntigi ya fara kuka, marigayi ya buɗe baki ke nan, sai aka danne muryarsa aka shiga gaishe-gaishe: wance a Rikkos tana gaida ƙawarta, wane a Gangare yana gaida uwargida da amarya, 'yan majalisar shayi na Zololo suna gaida junansu alhali suna zaune a benci ɗaya. Ya ɗan saki waƙar, ya sake danne ta, ya yi dariyarsa shi kaɗai, daga nan ya datse ta gaba ɗaya ya sa talla. Wallahi sai da na ajiye kofin shayina.

Kuma bai tsaya nan ba, wai gurmi. Sau biyu ya faɗa, cewa Ɗan Maraya gwanin gurmi ne. A Jos fa! A garin da mutumin nan ya yi rayuwarsa, ya rasu a cikinsa ranar 20 ga Yunin 2015, muna cikin azumi. Gurmi na su Haruna Uji ne, da ƙoƙon duma ake yin sa. Kuntigi gwangwanin kifi ne aka rufe da fatar akuya, tsirkiya ɗaya tal, kuma da wannan ɗan abin da yaro zai iya sakawa a aljihu Adamu Wayya, wato Ɗan Maraya, marayan Bukuru da ya tashi a hannun Sarkin Hausawa, ya zagaya duniya, har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Wanda bai san wannan ba, me ya kai shi gaban makirufo da sunan tuna baya? Bayan wa yake tunawa?

Amma kuskuren suna ana gyara shi da kalma ɗaya, na yafe. Abin da ya hana ni barci shi ne yankan waƙa.

Bari ka ji wanda ke magana, kada ka ɗauka wani tsoho ne kawai da sanyin Jos ya hana shi fita ya huce a kanku. Ni mai sayar da kaset ne. Tun 1979 na fara zaman shagon maigidana a Terminus ina goge kan rikoda da auduga, daga baya na samu rumfar kaina a cikin babbar kasuwa, ina nan har gobarar watan Fabrairun 2002 ta cinye ta da duk abin da ke cikinta. Shekara ashirin da 'yan kai ba ni da aikin da ya wuce kwafar waƙa daga kaset zuwa kaset. Kuma darasin farko da maigidana ya koya mini, Allah ya jiƙansa, shi ne lissafin zare. Kaset ɗin C-60 minti 30 ne kowace fuska, C-90 minti 45. Kafin ka danna jan maɓalli sai ka san tsawon kowace waƙa, ka jera su yadda babu wadda zare zai ƙare a tsakiyarta. In fili ya rage gara ka bar shi shiru. Direbobin tashar Bauchi Road su ne manyan masu cinikinmu, kuma direba zai yafe maka in murya ta ɗan dushe, amma in waƙar Shata ta tsinke masa yana hawan wani tudu, to daga Maiduguri zai dawo ya dangwarar maka da kaset ɗin a kan tebur gaban jama'a. An taɓa yi mini, sau ɗaya, ina yaro. Kuɗin kaset ɗin a cikin ladana aka cire. Ban sake ba.

Yau ga ku da kwamfuta, babu zare, babu batir mai mutuwa, babu rikodar da za ta tauna kaset a sa biro ana naɗewa, amma ku ne kuke tsinke waƙa da gangan.

Malam Edita, waɗannan waƙoƙin ba a yi su don a gutsura ba. Ɗan Maraya mai ba da labari ne. Zai ɗauko miji ya yi muryarsa, ya ɗauko mata ya yi tata, ya kawo magulmaciya ta shiga tsakani, kana dariya har ka manta mutum ɗaya ne da gwangwani ɗaya, sai can ƙarshe ya juyo ya ɗora maka abin da ya sa ya tara ku. Wanda ya yanke shi a minti 2 ya ce gatanan gatananku ne ya tashi ya tafi, ya bar yara zaune ba ƙurunƙus. Karen Motar nan da yaronku ya yi wa dariya, akwai wani yaron mota da kullum in sun sauke kaya yake zuwa ya jingina da rumfata, hannunsa baƙi ƙirin da man juye, ya ce in sa masa ita. Bai taɓa saye ba, ba shi da rikoda. Zai tsaya tun daga farko har ƙarshe, bai ce uffan ba, in ta ƙare ya ce na gode ya wuce. Mutumin da aikinsa cire taya da tura mota da shan zagin fasinja ya ji an yi waƙa da sana'arsa, ana sa ta a gidan rediyo kamar yadda ake sa ta sarakuna. Shi wannan yaron, in yana raye, yanzu ya yi furfura kamar ni, kuma wataƙila yana bakin rediyo ranar Asabar.

Shata kuma ai ba a maganarsa. Shi sai kalangu ya yi zafi, 'yan amshi sun daidaita, sannan yake sakin jiki, zambo da habaici da kirari su fara zubowa. Mintunan farko shimfiɗa ce. Makonni uku da suka wuce kun sa Bakandamiya, kuka cire ta tun ana shimfiɗar. Mutumin da ya rasu tun Yunin 1999 yana kwance a Daura ba zai rubuto muku takarda ba, shi ya sa na rubuto.

Abin da ya fi ƙona mini rai, a wannan daren dai, bayan an dawo daga talla, yaron ya sa wata waƙar fim ta fiyano, irin na farkon shekarun 2000, ya bar ta ta tafi tun daga farko har ƙarshe bai ko yi tari ba. Na ƙirga ita ma, ta haura minti 6. Ba ni da faɗa da waƙar, matata tana son ta, kuma na yarda ga wanda aka haifa a 1990 ita ce tuna bayansa. Amma ashe ya iya yin shiru. Ashe zaɓa yake yi wa zai yi wa ladabi.

Zan ba ka labari ɗaya don ka gane abin da ake asara. Ni haifaffen Jos ne, kunnena bai saba da Hausar Sakkwato da Zamfara ba, kiɗan kotso kuwa a lokacin ina ganin na tsofaffin fada ne. Wajen 1984 wani direban tirela mutumin Shinkafi ya kawo mini wani tsohon kaset da takardarsa ta goge, ya ce in kwafa masa guda uku. Murya can ƙasa, ga shuuu kamar ana ruwan sama. Narambaɗa ne, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Da yake rikodata ba mai gudu ba ce, dole in zauna in ji shi gaba ɗaya sau uku. A karo na farko ban tsinci komai ba, ina ta kallon masu wucewa. A na biyu na fara kama kalma nan da can, direban yana zaune yana warware mini. A na uku, da aka zo waƙar dokin nan Ɗanfilinge, na ga doki da idona a cikin rumfar da ko taga ba ta da ita, tsigar jikina ta tashi. Na roƙe shi ya bar ni in yi na huɗu don kaina. Daga wannan kaset ɗin na bi sawu na kai ga Ɗanƙwairo, na kai ga Sa'idu Faru, na kai ga Ɗan Anace da 'yan dambensa, mutanen da da can nake sayar da kaset ɗinsu ban taɓa zama na ji ba. Da a ce a shirinku na fara gamuwa da Narambaɗa, minti ɗaya da rabi da gaisuwar 'yan shayi a kansa, da na ce wani tsoho ne ke gunaguni na murɗa tasha.

Kuma kada a ce mini yaran yanzu ba su da haƙurin doguwar waƙa. Jikata, 'yar shekara 17, ta tsinci wani guntun kiɗan ƙwarya a TikTok, ta zo tana tambayata wace ce wannan mai baki haka. Na ce Barmani Choge ce ta Funtuwa, ta rasu a 2013 kina rarrafen makaranta. Na aike ta wajen masu tura waƙa a memori, ta dawo da abin da ta samu, yanzu ita da kakarta sun hana ni sakat a tsakar gida, har da kifa ƙwarya a cikin ruwa. Ni na ce mata ta riƙa jin shirinku za ta ƙaru. Ranar Asabar tana gefena. Da aka datse waƙar ta juyo ta ce, Baba, ai wannan ma guntu ne irin na waya. Ban sami abin ce mata ba.

Na san amsar da za a ba ni: saƙonni suna da yawa, masu talla sun biya, awa ɗaya ce kacal. To a yi lissafin zare mana. Awa ɗaya, a cire minti 15 na talla da gaisuwa, saura 45, fuskar C-90 guda ke nan cif. Waƙa huɗu ko biyar cikakku za su shiga. A karanta gaisuwar tsakanin waƙa da waƙa, a gaida wance har da kajinta, ba wanda zai hana. Mu da muka tashi da Rediyon Kaduna haka muka ga ana yi, mai gabatarwa ya faɗi sunan makaɗi da garinsa da wanda aka yi wa waƙar, ya ja bakinsa ya yi shiru. Me ake ci da gutsattsarin waƙa goma sha biyar da ba wadda aka ji?

Tun da na riga na ɗauki biro, bari in faɗi wata. Wannan tallan mai maganin basir da sanyin mara da kuke sakawa daidai bayan sallar Isha'i, don Allah wa yake saurarensa kafin a sake shi? Lokacin ne fa ake zaune da iyali an sa tuwo a gaba. Mutumin nan yana lissafa abubuwan da ko a ɗakin likita sai an rufe ƙofa, ga surukata a zaune, ga yara. Dole nake rage murya in yi kamar ina neman wata tasha. In ba za a cire shi ba, a mayar da shi ƙarfe 11 na dare, masu lalurar ai ba barci suke yi ba.

Na dawo kan maganata. Ban ce a kori yaron ba, yana da murya, kuma abincinsa ne. A zaunar da shi a ɗaki shi kaɗai, a karɓe wayarsa, a sa masa Karen Mota da Jawabin Aure ya ji su har su ƙare, sannan a nuna masa hoton kuntigi. Ranar Asabar mai zuwa kuma ya fito ya gyara maganar gurmin nan da bakinsa, ya sa waƙar da ya yanke tun daga farko.

In kuma matsalar ita ce guntaye kawai ke cikin kwamfutarku, ina da kaset 63 da suka tsira daga gobara saboda suna gida a ranar, cikinsu har da na huɗun nan na Narambaɗa. Ku turo yaro da na'urarku ya kwafa. Amma a gabana za a yi, ba na ba da aro.

Naku,
Tsohon mai sayar da kaset,
Dilimi, Jos.