Sanarwa: masu son kwanan daji kyauta

Salam ƴan uwa na Denba (Denver, jihar Colorado a Amurka) da kewaye. Masu tambaya ta inbos kan inda za a kafa tanti ba tare da an biya ko sisi ba, to ku haura dajin gwamnati na Roosevelt National Forest ta wajen garin Nederland, tafiyar awa ɗaya da ƴan kai ce. Akwai filayen kafa tanti na West Magnolia da Gordon Gulch, wuraren suna da lamba, a jikin lambar kawai ake sauka, kuma ba a kama wuri tun daga gida, wanda ya riga zuwa shi ke da wuri, in ka bari sai yammacin Juma'a wallahi sai dai ka juyo gida. Kwana 14 ne iyaka.

Babu famfo babu banɗaki babu bola, ku cika jarka har da na alwala, sharar ku kuma ku dawo da abarku. Ni dai ban ba mai ƙaramar mota shawarar Gordon Gulch ba, hanyar duk duwatsu ce. Sanyin asuba kuwa ko a Yuli sai da bargo biyu. Kar a bar kilishi cikin tanti saboda beyar daji. Kafin ku hura gawayi ku duba ko an hana kunna wuta, akwai tara.