Bayi, majinyata da jemagu a tarihin kogon Mammoth

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu na wannan jarida domin in yi tsokaci a kan kogon Mammoth da ke jihar Kentucky ta ƙasar Amurka, wanda sunansa ke yawan fitowa duk lokacin da ake lissafa abubuwan al'ajabi na duniya. Galibi abin da ake faɗa a kansa bai wuce tsawonsa ba, wato hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da aka auna a cikinsa sun haura kilomita 680, kuma babu kogon da ya kai shi a cikin waɗanda aka sani. Wannan gaskiya ne. Sai dai ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kogo ba ya share abin da aka aikata a cikinsa, don haka duk wanda ya buɗe shi ga baƙi ya ɗauki nauyin da ya fi na mai kula da daji ko gandun namun dawa.

Dalilin haka yana cikin yadda kogon ya samu. Dutsensa na farar ƙasa ne, irin wanda masana'antun siminti ke haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe. Ruwan sama idan ya ratsa ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye yakan ɗauki ɗan tsami, sai ya riƙa cin dutsen ta tsagoginsa sannu a hankali, har tsaga ta zama mafitar ruwa, mafitar ta zama zaure. Ruwan yana gangarawa ne zuwa Kogin Green, kuma duk lokacin da kogin ya ƙara zurfafa kwarinsa sai ruwan cikin dutsen ya sauka ƙasa ya bar hanyoyin sama a bushe, shi ya sa kogon yake hawa-hawa. A bisansa akwai shimfiɗar dutsen yashi da ke tare ruwan sama. A ciki babu rana, babu damina, kuma sanyin wurin yana tsaye a wajen digiri 12 a ma'aunin Selsiyus, rani da hunturu.

Saboda haka ne har yau ake ganin guntayen karan da mutanen asali na Amurka suka kunna don haske shekaru dubbai da suka wuce, sa'ad da suke shiga ɗibar ma'adinai daga bango. A 1935 an tarar da gawar ɗayansu da wani ƙaton dutse ya danne, ta bushe ba ta ruɓe ba. Haka kuma akwatunan katako da bututun icce da aka yi aiki da su a lokacin yaƙin 1812 tsakanin Amurka da Ingila suna nan inda aka bar su. A wancan lokacin bayi baƙar fata ne aka sa suna haƙar ƙasar kogon suna tace ta da ruwa, domin fitar da sinadarin da ake haɗa albarushi da shi. Da yaƙi ya ƙare farashi ya faɗi, sai masu kogon suka koma neman kuɗi daga masu zuwa kallo.

A nan ne labarin Stephen Bishop ya shigo, kuma shi ne sunan da nake so masu karatu su riƙe. Bawa ne, matashi, wanda ubangidansa Franklin Gorin ya kawo a 1838 don ya riƙa yi wa baƙi jagora. Kafin zuwansa, masu shiga kogon sukan tsaya a bakin wani rami mai zurfi da suke ɗauka ba shi da ƙarshe. Bishop ya tsallake shi, ya isa kogunan ruwa da ke can ƙasa, inda ake samun kifaye marasa ido. A 1842 ya zana taswirar kogon daga abin da ke cikin kansa, aka buga ta a 1845 ɗauke da sunansa, abin da ba kasafai ake yi wa bawa ba a wancan zamani. A 1972, da masu bincike suka gano mahaɗar kogon da hanyoyin da ke ƙarƙashin tudun Flint, wadda ta mai da shi mafi tsawo a duniya, sun ɓullo ne ta wani lungu da ke cikin taswirar tasa. Attajirai da malamai sun riƙa bin bayansa cikin duhu, rayukansu a hannunsa, amma da an fito fili shi dukiyar wani ne. An 'yanta shi a 1856, ya rasu a 1857, kuma kabarinsa yana kusa da bakin kogon.

Tare da shi akwai Mat da Nick Bransford, su ma bayi, kuma zuriyar Mat ta ci gaba da aikin jagora har kusan shekara ɗari. Abin takaici shi ne, lokacin da gwamnati ta karɓi wurin, har ta mai da shi gandun ƙasa a 1941, an tashi ɗaruruwan iyalai daga gonakinsu, kuma ba a ɗauki baƙaƙen 'yan jagora aiki ba. Sai a 2004 wani daga zuriyar Mat, Jerry Bransford, ya dawo ya kama aikin kakanninsa.

Likita John Croghan, wanda ya sayi kogon haɗe da Bishop a 1839, shi ma ya bar tasa alamar. Ya yi zaton iskar kogon za ta warkar da tarin fuka, sai ya gina ɗakuna a ciki ya zaunar da majinyata a 1842. Sanyi da hayaƙin wutar girki suka ƙara musu ciwo, wasu suka rasu a can, aka watsar da gwajin, shi kansa likitan tarin fukan ne ya yi ajalinsa a 1849. Biyu daga ɗakunan dutsen suna nan a kan hanyar baƙi, kamar yadda sunayen da baƙin farko suka rubuta da hayaƙin kyandir suke nan a rufin wani zaure. Yau ana kiran waɗannan rubuce-rubuce tarihi, amma wanda ya ƙara nasa zai fuskanci hukunci, kuma a ganina hakan daidai ne.

Halittun kogon sun fi dutsensa rauni. Tunda babu rana babu tsiro, duk abincin da ke ciki daga waje yake shigowa. Wani irin gyare mai dogayen ƙafafu yakan fita da dare ya yi kiwo ya dawo, kashinsa ya ciyar da ƙananan ƙwari, sannan wani makahon ƙwaro yana tonon ƙwansa a cikin yashi yana ci. A cikin ruwa akwai kifi fari fat marar ido, da wani ƙaramin jatan lande wanda ake hango cikinsa ta fatarsa, ba a samunsa ko'ina sai wannan yanki, kuma yana cikin halittun da ake fargabar ƙarewarsu. Rayuwa irin wannan a kan abinci kaɗan take tafiya, don haka ɗan canji yana iya rusa ta. Ko fitilun lantarki da aka sa wa baƙi suna sa gansakuka ta tsiro a bangon da bai taɓa ganin kore ba.

Jemagu su ne suka fi shan wahala. A 2006 aka fara ganin wata cuta a jihar New York, wani fumfuna fari da ke kama hancin jemage da fukafukansa yayin da yake dogon barcin hunturu, yana ta tashinsa har kitsen da ya tara ya ƙare tun sanyi bai wuce ba. Cutar ta kashe miliyoyin jemagu a Arewacin Amurka, kuma a 2013 aka tabbatar ta iso gandun Mammoth. Shi ya sa ake sa kowane baƙo ya taka tabarma mai ruwan wanki idan ya fito, don kada takalminsa ya kai cutar wani kogon. Na san da yawa daga cikinmu ba sa ganin jemage da daraja, amma waɗannan masu cin ƙwari ne, kuma manomin da ke kewayen yana amfana da su ko bai sani ba.

Babban haɗarin kuwa daga sama yake zuwa. A ƙasa mai dutsen farar ƙasa, abin da aka zubar a rami yana isa ruwan ƙarƙashi ba tare da ƙasa ta tace shi ba. Garin Horse Cave da ke maƙwabtaka ya ga haka da idonsa: ƙazantar gari da ta masana'antu ta lalata kogon Hidden River da ke ƙarƙashinsa har aka rufe shi ga baƙi a 1943, wari ya riƙa tasowa tsakiyar gari, kuma bai farfaɗo ba sai bayan da aka kafa sabuwar matatar ruwan ƙazanta a 1989. Hukumar UNESCO ta sa Mammoth cikin wuraren tarihi na duniya a 1981, amma ruwan da ke shiga cikinsa yana fitowa ne har daga gonaki da tituna da ke wajen iyakar gandun, inda ikon masu gadi bai kai ba.

Roƙona ga jaridarka, Malam Edita, shi ne idan za a sake kawo labarin irin waɗannan wurare, a haɗa da sunayen waɗanda suka buɗe su da halin da halittunsu ke ciki. Zai kuma yi kyau a tura wakili kogunan dutse na Marshall da ke Yankari a jihar Bauci, da na Ogbunike a jihar Anambra. Na Yankari a dutsen yashi aka fafe su, na Ogbunike kuma cike suke da jemagu, kuma dukkansu baƙi na shiga. Ya tambayo mana su wane ne ke yi wa mutane jagora, nawa ake biyansu, me baƙi suka rubuta a bango, kuma wa ke da alhakin hana su.

Na gode da ba ni wannan dama. Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Zariya