Wasiƙa Zuwa ga Ɗana da Ya Fara Koyon Kendo a Japan

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Saƙonka ya iso. Ka ce ka shiga ƙungiyar kendo, wato wasan takobin Japan, ta jami'arku, kafaɗarka ta dama tana ciwo, tafin ƙafar hagu ya yi bororo, ga shi har yanzu ba a ba ka sulke ba. Ciwon kafaɗar nan ne ya fi damuna, domin yana nuna da dama kake sara, alhali takobin Japan hagu ce ke tafiyar da shi.

Duba riƙonka. Hannun hagu a can ƙarshen mariƙin shinai, wato takobin gora na atisaye, yake zama, har ƙaramin yatsa ya zo daidai bakinsa. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi su ne ke damƙa, na tsakiya ya taimaka kaɗan, manuni da babban yatsa kuwa a sake. Dama tana kusa da tsuba, wato faifan da ke kare hannu, aikinta saiti kawai. In ka tsaya, hagu ta kasance gaban cibiya da tazarar dunƙulen hannu ɗaya, tsinin kuma ya nufi maƙogwaron abokin karawa. Sabon shiga yakan ɗaga takobi da dama ya maka shi kamar mai faskare, sai kafaɗa ta ƙage, saran ya karkace, abokin atisaye ya sha zafi a banza. Maganinsa suburi, wato atisayen sara a iska, da hagu kaɗai: sara 30 a hankali, ka huta, ka sake. Kowane sara ya tsaya cak daidai tsayin kanka, kana matse yatsun nan a daidai lokacin tsayawar, sannan ka saki. Da zarar tsinin ya fara rawa, ka tsaya haka. Sara 300 a karkace ɓata hannu kawai yake yi.

Bororon ƙafa kowa na yin sa, amma inda ya fito yana da magana. Ƙafar dama gaba, hagu baya, yatsun hagu daidai da dunduniyar dama, dukansu biyu suna kallon gaba sak, dunduniyar hagu a ɗage kaɗan. In hagun ta juya waje, duk tunkuɗawar da ka yi fatar murɗewa take a kan katakon daɓen, sai ta yage. Ka gyara tsayuwar, ka wanke wurin, ka naɗe shi da filasta kafin atisaye, zai zama kanta. Abin da nake tsoro shi ne jijiyar agara ta hagu, ita ce ke tsinkewa a wannan wasa, musamman lokacin sanyi in mutum ya zabura bai ɗumama jiki ba. Kada ka taɓa tsallake miƙe jijiya ko da ka makara. In an fara koya maka fumikomi, wato buga ƙafar dama a ƙasa tare da sara, ka sauka da tafin duka. Mai sauka da dunduniya makonni yake yi yana ɗingishi.

Shinai ɗinka tsagin gora huɗu ne aka haɗa. Na babban namiji, wanda suke kira lamba 39, ba ya wuce santimita 120, nauyinsa kuma ba ya gaza giram 510. Kafin kowane atisaye ka bi gorar da yatsa. Sartse ƙarami a goge shi da samfefa a shafa ɗan mai, amma tsagin da ya tsage a cire shi, ba a ɗaure shi da salatif. Ka duba fatar tsini ko ta huje, ka ja tsirkiyar baya ka ji ko ta saki. Gora in ta kufce tana iya bi ta tsakanin ƙarafan kwalkwali ta sami idon mutum, kuma idon abokinka ne, ba naka ba. Kada ka tsallake shinai a ƙasa, kada ka dogara da shi kamar sanda. A wurinsu takobi ne.

Sulke kuwa ka daina ƙosawa. Malamai kan bar sabon shiga watanni yana tafiyar ƙafa da suburi kafin ya ɗaura shi, saboda ranar da ka sa men, wato kwalkwalin sulken, ji zai ragu, gani ya ƙuntata, duk abin da bai zauna a jiki ba ya watse. A gasa ma alƙalai uku ne, sai biyu sun ɗaga tuta ake ba da maki, kuma ba sa ɗagawa sai ihu da sara da bugun ƙafa sun faɗi lokaci guda, mai saran kuma ya wuce ya juyo a shirye. In ka samu sulken, ka shanya kote, wato safar hannunsa, a inuwa bayan kowane atisaye, rana tana busar da fatar tafinsa ta tsage. Riga da hakama, wato wandon kendo mai faɗi, masu rinin shuni a wanke su daban da ruwan sanyi, suna zuba.

Sai maganar gaisuwa. Za ka ga ana durƙusawa a dafa ƙasa a sunkuya, wasu ɗakunan atisayen ma akwai ɗan wurin bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan, a bangon gaba. Kada ka yi shiru kana yi zuciyarka ba ta kwanta ba, kada kuma ka ƙi a gaban jama'a ka kunyata malaminka. Ka tambayi limamin masallacin da kake zuwa iyakar abin da ya halatta, sannan ka sami malamin kendo shi kaɗai, cikin ladabi, ka gaya masa sujada da ruku'u na Allah ne a addininka, ka roƙi ya nuna maka yadda za ka girmama shi da abokanka ba tare da su ba. Ranar ka riga kowa zuwa goge katako.

In azumi ya zo, ka sanar da shi tun da wuri, domin gumin da ake yi cikin sulke ba na wasa ba ne. Ka tsaya a suburi da kata, wato tsararrun motsin da ake yi ba sulke, ko ka nemi atisayen bayan shan ruwa.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka turo hoton ƙafar ta gani. Ni kuma ka turo mini na riƙon hannunka, daga sama.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka