Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga 'Yan Ƙungiyarmu Mazauna Gundumar Bronx

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu, da 'yan uwa maza da mata.

An kafa asusun ƙungiyar nan ne don jana'iza da suna da taimakon marar lafiya. A bana kuwa, mafi yawan koken da ya zo gaban kwamiti na kuɗin haya ne, daga 'yan zangon Kumasi da Akara har mutanen Kano da Damagaram. Shi ya sa rahoton zai fi tsayawa a kan gida.

Binciken gidaje na birnin New York na 2023 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari ne kaɗai na gidajen haya babu kowa a ciki, ƙarancin da rabon a ga irinsa tun 1968. Bronx ce ake ɗauka mai sauƙi a cikin gundumomi biyar na birnin, amma ita ce kuma talauci ya fi yi wa katutu, don haka sauƙin bai kai aljihun mutanenmu ba. A watan Yuni hukumar da ke ƙayyade ƙarin haya ta amince da ƙarin kashi 3 ga yarjejeniyar shekara ɗaya, kashi 4.5 ga ta shekara biyu, daga 1 ga Oktoba. Mafi ƙarancin albashi ya tashi zuwa dala 16.50 a awa a Janairu. Duk mai gadi ko mai kula da tsofaffi a gida ya san ƙarin bai cika kwandon cefane ba.

Babban aikinmu na bana shi ne zaman duba takardu bayan sallar Juma'a, inda matasanmu ke karanta wa iyaye wasiƙun masu gida, su fassara musu. Wata baiwar Allah ta zo da takardun kotu a cikin leda, ta naɗe su da ɗankwali. Sun yi watanni a jakarta, ba ta nuna wa kowa ba, ko ƙanenta da suke gida ɗaya, don kada a ce ta kasa. Da ta zo tun takardar farko, da bashin bai taru haka ba. Mun raka ta kotun harkokin haya da ke kan titin Grand Concourse, ta samu lauya kyauta, domin tun 2017 dokar birni ta ba masu ƙaramin ƙarfi wannan haƙƙi idan ana neman korarsu. Tana nan a gidanta, alhamdu lillahi. Iyaye, muna roƙonku da girman Allah, kunya ba ta tsayar da ranar shari'a. Wanda bai je kotu ba, a bayan idonsa ake yanke hukunci. Kwamitin yana riƙe sirri, ba a karanta sunan kowa a taro.

Mun kuma yi ta wayar da kai a kan dokoki biyu da ake cutar baƙi da rashin saninsu. Tun 2019 mai gida ba shi da ikon karɓar kuɗin ajiya fiye da na wata ɗaya. Daga 11 ga Yunin bana kuma, idan mai gida ne ya ɗauki dillali, shi zai biya la'ada, ba ɗan haya ba. Har yanzu ana samun masu neman ta a ɓoye, har da dillalan da muke sahu ɗaya da su a masallaci, kuma wannan ya fi mana ciwo.

Sai maganar sanyi. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu wajibi ne mai gida ya kunna ɗumi. A ziyarar da mata suka kai gidaje sun tarar da ɗakin da aka buɗe ƙofar murhun gas ana jin ɗumi, yara na barci a falo. Babu wanda ya manta gobarar benen haya na Twin Parks a nan Bronx ta 9 ga Janairun 2022, wadda ta taso daga hitar lantarki ta ci rayuka 17, akasarinsu 'yan uwanmu Musulmi 'yan Gambiya. Allah Ya jiƙansu. Mun raba ƙararrawar hayaƙi, mun koya wa mutane kiran 311, layin wayar hukumar birni, su kai ƙara su riƙe lambar ƙorafin.

Makarantar allo ta Asabar da Lahadi ta ci gaba, buɗe-bakin azumi ya gudana lafiya, kuma asusun jana'iza ya sauke nauyin duk wanda ya rasu a cikinmu.

Shekara mai kamawa akwai abin fata, akwai abin lura. Mafi ƙarancin albashi zai koma dala 17 a awa a Janairun 2026. Zohran Mamdani, wanda ya ci zaɓen magajin gari a Nuwamba, ya yi alkawarin dakatar da ƙarin haya, amma alkawarin ya shafi gidajen da hukuma ke ƙayyade hayarsu ne kawai. Mai zama a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko wanda ya karɓi ɗaki a hannun wani ɗan hayar, kada ya gina lissafinsa a kai. Daga 1 ga Janairu kuma za a fara cire harajin kashi 1 cikin ɗari a kan kuɗin da aka tura ƙasar waje da tsabarsu. Wanda ya tura daga asusun banki bai shiga ciki ba. Mutanen Gana sun riga sun ji a jikinsu, domin sidi, kuɗin ƙasarsu, ya yi ƙarfi a bana, dalar da ake aikawa gida ba ta kai inda take kaiwa a da.

Kwamitin gudanarwa na ba da shawarar a ware asusun haya daban da na jana'iza, don kada bukatar mai rai ta cinye haƙƙin mamaci. Zai zama rance ba ruwa, a biya a hankali. Za a kawo batun a babban taron da za mu yi kafin azumi, kuma masu bashin kuɗin wata su daure su ga ma'aji kafin ranar, domin wanda ya biya ne kaɗai zai kaɗa ƙuri'a.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa