Kuɗin mota na cinye gumin manomin Arewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Shekarata goma sha takwas ina harkar riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau. Duk sanda aka tada zancen talaucin Arewa, sai a ce ƙarancin ilimi ne. Ban musa ba. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci, kashi 65 cikin ɗari a Arewa suke. A Sakkwato kashi 91 cikin ɗari na jama'ar jihar ke cikin talauci, a Ondo kuwa kashi 27. Amma akwai dalilin da ba a cika ambata ba, ni kuwa kullum da shi nake kwana: nisanmu da teku.

Tirelar da muka yi wa lodi sai ta ci fiye da kilomita 1,000 kafin ta ga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas. Ga kuɗin gas, ga na shinge, ga kwanakin da direba zai yi a layi. Mai saye a waje ba ruwansa, farashinsa ɗaya ne. To daga jikin wa za a cire? Ranar nan wani dattijo ya kawo mini buhu biyu daga wajen Maigatari. Da na faɗa masa farashi, sai ya cire hula ya share zufa, ya ce, "Alhaji, ko kuɗin taki bai fito ba." Wallahi ban zalunce shi ba, amma na kasa haɗa ido da shi.

Haka mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai yake biyan wannan kuɗi kafin injinsa ya iso, sannan ya kwana da janareta. Takwaransa na Legas tashar ruwa na bakin ƙofarsa. Dole mai jari ya zaɓi can.

Tun 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, shi ya kwashe dalar gyaɗa. Yau sabon layin dogo ya tsaya a Ibadan, na Abuja ya tsaya a Kaduna. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a 2023, mun yi murna, amma sai da jirgi mai ƙwari za ta amfane mu.

Ina roƙon 'yan majalisarmu su tsaya kai da fata a haɗa Ibadan da Abuja, a ƙarasa Kaduna zuwa Kano, a kuma kammala bututun iskar gas na AKK, wato Ajaokuta-Kaduna-Kano, da aka fara tun 2020.

Naku,
Wani ɗan kasuwar Dawanau, Kano