Rahoton ayyukan shekara: allon gwajinmu da matsalar tashinsa ta kebul

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu injiniyoyi, 'yan uwa mambobi, da ƙannenmu ɗalibai da suka shigo bana, ga rahoton da kwamitin gudanarwa ya ɗora wa ofishin sakatare ya aiko muku kafin babban taro. Lissafin kuɗi ma'aji ne zai karanta shi da bakinsa a zauren taro, don haka ba mu sa shi a nan ba.

Tarukan ƙarshen wata sun gudana yadda aka tsara, in ban da na watan azumi da aka ɗage. Ajin koyon liƙi da dalma bai tsaya ba, kuma muna miƙa godiya ga masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre da suka ba mu aron injin iska mai zafi, suka nuna wa ɗalibai yadda ake ɗaga aisi ba tare da an babbake fanel ba. Allah ya saka musu da alheri. Amma abin da ya fi cin lokacin ƙungiya a bana shi ne allon lantarki da muke ƙerawa don lura da famfunan rijiyar burtsatse masu aiki da hasken rana, kuma a kansa yawancin rahoton nan zai tsaya.

Ga waɗanda ba su zuwa ɗakin gwaji: allon yana ɗauke da babban aisi i.MX6ULL na kamfanin NXP, mai ƙwaƙwalwar Cortex-A7, sai ƙaramin aisi LAN8720A da ke haɗa shi da kebul ɗin Ethernet. Tun da wuri aka yanke cewa a lokacin gwaji ba za a riƙa loda Linux daga katin SD ba, domin mai gyara kanel, wato zuciyar manhajar Linux, yakan sake haɗa shi sau da yawa a yini, kuma zare kati da mayarwa yana cinye lokaci, yana kashe soket. Tsarin shi ne U-Boot, wato ƙaramar manhajar da ke fara tashi ta loda Linux, ya nemi adireshi ta kebul da tsarin DHCP, ya jawo kanel da fayil ɗin da ke bayyana kayan allon ta TFTP, daga nan Linux ya ɗora sauran fayilolinsa daga uwar garke, wato kwamfutar da ke ajiye fayilolin, ta NFS. A takarda abin ba wuya.

Da allunan suka iso aka jera musu kaya, sai muka riƙa ganin abu guda a tagar siriyal, inda allon ke rubuto saƙonninsa a kwamfuta: "Loading: T T T T", can kuma "Retry count exceeded; starting again". Kowace T alama ce cewa allon ya jira amsa har ya gaji. Wani zubin kuma sai a ga jerin # suna gudu, kanel ya sauka lafiya lau. Wannan yau-e-gobe-a'a shi ya raba kan jama'a. Wasu suka ce kebul ne, aka sauya kebul. Wasu suka ɗora wa inbata, aka koma kan batir zalla. T ɗin nan dai ba ta fasa fitowa ba.

Kashi na farko na ciwon yana wajen uwar garke, kuma bai ɗauki lokaci ba. Rawutar ɗakin taro tana raba adireshi ita ma, sai ta riga uwar garkenmu amsawa, U-Boot ya kama ta a matsayin mai ba da fayil. Ga kuma katangar tsaron kwamfutar: TFTP yana karɓar roƙo a ƙofa ta 69, amma sauran zancen ta wata ƙofa daban yake bi, in ba a yi tanadi ba sai a tare shi. Aka ware wa ɗakin gwaji nasa swic, aka bar manhajar dnsmasq da ke kan uwar garke ita kaɗai tana raba adireshi tana ba da fayil.

Sai aka lura in allo ɗaya ne a kunne abin yakan yi sauƙi, in an kunna biyu sai su rikice. Wata ɗaliba ce ta buɗe Wireshark, manhajar da ke nuna saƙonnin da ke bi ta kebul, ta gano dalili. Sabon i.MX6ULL yana zuwa ne ba a rubuta masa adireshin MAC ba, wato lambar da ke bambanta kowace na'ura a kan kebul, kuma da aka kwafe saitin U-Boot daga allon farko zuwa sauran, har da ethaddr, inda ake ajiye wannan adireshi, aka kwafe. Kamar yara biyu masu suna ɗaya a aji ne, malam ya kira, kowa ya amsa, saƙon wannan ya tafi wajen wancan. Yanzu kowane allo yana da nasa adireshin mai farawa da 02, wanda shi ne irin da aka yarda mutum ya ƙirƙira don amfanin cikin gida, an kuma rubuta shi a takarda an manna a bayan allon.

Bayan duk wannan, matsalar ta ragu amma ba ta tafi ba, kuma nan ne aka sha wuya. Alamarta ita ce: in allon ya tashi lafiya, zai yini yana aiki. In ya tashi a karkace, ko sau nawa aka buga reset a U-Boot ba zai gyaru ba, sai an zare wuta gaba ɗaya an mayar. Fitilar soket tana ci, umarnin mii info yana ganin LAN8720A, amma saƙon gwaji na ping ya tafi ba ya dawowa, ko a samu amsa ɗaya a rasa da yawa. Wannan ya nuna cewa abin da ke lalacewa a daidai lokacin shigowar wuta yake lalacewa.

Wani dattijonmu da ya daɗe a aikin sadarwa ya zo da osiloskof ɗinsa, na'urar da ke zana yadda wuta ke hawa da sauka a layi. Aka ɗora tsinke ɗaya a ƙafar nRST ta LAN8720A, wadda ke hana aisin tashi muddin tana ƙasa, ɗayan a layin bugun agogo na 50 MHz, aka kunna. Layin nRST ya hau sama jim kaɗan bayan wuta, domin rasista da kafasita ne kawai ke riƙe da shi. Layin agogo kuwa shiru, a kwance, sai can daga baya da U-Boot ya kai ga saita shi ya fara kaɗawa, tunda a wannan allo daga i.MX6ULL agogon yake fitowa. Takardar bayanin LAN8720A ta faɗa ƙarara: a riƙe nRST a ƙasa aƙalla milisakan 25 bayan wuta ta daidaita, kuma agogo ya kasance yana bugawa a lokacin. Sharaɗi na biyu ne bai cika ba. Aisin yana farkawa babu agogo, sai ya tashi yadda ya ga dama.

Gyaran na hannu ne. Aka ɗaga kafasitar, aka ja siririyar waya mai kaurin gashi daga nRST zuwa wata ƙafar GPIO, wato ƙafar i.MX6ULL da manhaja ke iya ɗagawa ko saukewa, da ba a amfani da ita, aka ɗiga mata gam don kada ta tsinke. Aka sa U-Boot ya fara kunna agogo, sannan ya ja layin ƙasa ya sake shi. A ɓangaren Linux aka ƙara phy-reset-gpios, domin direban fec, mai kula da Ethernet, yana sake tayar da aisin bayan kunna agogo muddin an nuna masa ƙafar da zai ja. Tun daga nan T ba ta sake fitowa a allunan da aka yi wa wayar ba.

NFS ya ɗan tsayar da mu da saƙon "VFS: Unable to mount root fs via NFS". Kanel ɗinmu yana neman tsohuwar siga ta 2 in ba a gaya masa ba, ita kuwa uwar garke ta daina amsa ta. Ƙara vers=3,tcp a layin nfsroot ya wadatar.

Akwai masu son a aika odar zubi na biyu tun yanzu, saboda kuɗin canji ba ya jiran kowa. Kwamiti ya ji uzurinsu, amma ra'ayinsa shi ne a dakata. Ciwon da ke zuwa jefi-jefi ba a shaida warkewarsa da kunnawa biyu ko uku a gaban jama'a. Muna so a haɗa rile da zai riƙa yanke wuta yana mayarwa dare da rana, kwamfuta tana ajiye duk abin da ya fito ta siriyal, har da ranakun zafin bazara. Haka kuma kada kowa ya ƙona adireshin MAC a cikin fiyus ɗin i.MX6ULL tukuna, don sau ɗaya ake rubuta shi, ba ya gogewa.

Abubuwan da za a kawo gaban babban taro su ne amincewa da sabon zanen da ya kai nRST kan GPIO tare da wuraren ɗora tsinken awo, da sayen osiloskof na ƙungiya don a daina dogaro da aro. Muna kuma neman mutum biyu da za su ɗauki nauyin na'urar yanke wutar; mai sha'awa ya ba sakatare sunansa kafin ranar taro.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.