Tayil mai sulɓi da dattawanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina jan hankalin kwamitocin masallatai da magidanta a nan Jos kan tayil mai sulɓi da ake shimfiɗawa a wurin alwala da banɗaki. Da asuba, ga sanyin hunturu, ga babu wuta, dattijo ya taka jiƙaƙƙen tayil da silifas ɗin da gindinsa ya suɗe, sai dai a ji salati. Karayar ƙugu ga ɗan shekara 70 ba wasa ba ce, wasu daga wannan kwanciyar ba sa sake zuwa jam'i.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, kuma abin ya fi shafar 'yan sama da shekara 60.

Abin haushin, da baba ya zame sau ɗaya sai 'ya'ya su hana shi fita, wai tausayi. Ai zaman ɗaki shi ke kashe ƙafa. A bar shi ya taka da sandarsa, amma a sa tayil mai kaushi da ƙarfen dafawa. Mai shan maganin hawan jini kuma ya ɗan zauna bakin gado kafin ya miƙe, saboda jiri.

Wassalam.

Wani magidanci,
Unguwar Rogo, Jos